Riƙe Fitsari a Makaranta: Halin Ɗalibi ne ko Halin Banɗaki?

Ƙodar mutum mai lafiya takan tace fitsarin da ya kai lita 1 zuwa 2 a kowace rana, ita kuwa mafitsara da wuya ta ɗauki fiye da rabin lita ba tare da ta takura ba. Shi ya sa likitoci suke ganin zagayawa sau 6 zuwa 8 a yini daidai ne. Duk da haka akwai ɗaliban sakandare, musamman 'yan mata, da sukan shiga aji da ƙarfe takwas na safe su matse har a tashi da azahar. Akan ce sakaci ne, alhali yawanci makarantar ce take koya musu wannan ɗabi'a. Banɗakin da ba shi da ƙofa, ba ruwa, ba buta, ga wari, ga layi lokacin tara, ai ba ya gayyatar budurwa mai kunya, balle wadda take cikin al'ada. Ga kuma malamin da ake ce wa "Malam, zan kama ruwa" ya amsa da tsawa a gaban maza.

Illar ba ta tsaya ga matsuwa ba. Fitsari shi ke wanke ƙwayoyin cuta daga mafitsara, idan ya daɗe a kwance sai su samu damar hayayyafa su jawo ciwon mafitsara. Mafi yawan irin wannan ciwo, wanda mata kan haɗa cikin abin da suke kira ciwon sanyi, ƙwayar E. coli ce ta hanji take haddasa shi. Mace ta fi kamuwa saboda hanyar fitsarinta ba ta wuce santimita 4 ba, ta namiji kuwa takan kai wajen 20. Idan aka yi sake, ciwon kan haura ƙoda da zazzaɓi da ciwon kwiɓi. Dabarar da ɗalibai suke yi ta ƙin shan ruwa don kada fitsari ya taso ma wata masifar ce, domin a zafin bazara tana jawo ciwon kai, taurin bayan gida da kasala a aji.

Malamai suna da hujjarsu: idan aka saki ƙofa, wasu za su fake da fitsari su gudu daga darasi. Gaskiya ne, amma maganin wannan shi ne a riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, a kuma lura da mai yawan fita, don wataƙila ma ciwo ne yake damunsa. Wasu kuma sukan ce ai an halicci mafitsara don ta riƙe. Riƙewar ɗan lokaci ba ta cutarwa, amma maimaita ta kullum tsawon shekaru shida na sakandare na iya sa mafitsara ta saba da rashin zubar da duk abin da ke cikinta.

Ma'aunin a bayyane yake. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2009 ta tanadi banɗaki ɗaya ga 'yan mata 25, sannan banɗaki ɗaya da wurin fitsari ɗaya ga maza 50. Najeriya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsafta a 2018, amma uba ba sai ya jira Abuja ba. Ranar taron iyaye da malamai, kafin a tambayi sakamakon jarrabawa, a nemi ganin banɗakin, a ƙirga ɗakunan, a duba ko ƙofa tana rufuwa kuma akwai ruwa.