Gargaɗi ga Masu Karnuka a Tambuwal da Kebbe: A Daina Raba 'Yan Kwikwiyo Barkatai

Jama'ar Tambuwal, Dogon Daji, Jabo, Sanyinna, Kebbe, Kuchi da ƙauyukan kewaye, musamman mafarauta, makiyaya da masu kare don gadi: in karyarku ta haihu, don Allah kada ku miƙa wa yaro kwikwiyo don kawai ya roƙa.

Tun da tsaro ya taɓarɓare, gidajen da ba su taɓa ajiye kare ba sun fara nema. Wannan ba laifi ba ne, addini ma ya yarda da kare don farauta, kiwo da tsaron gona. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen rabon. Karya ta yi wata biyu da ciki, ta zubo biyar ko shida, mai ita ya ga ba zai iya ci da su ba, sai yaran unguwa su kwashe tun ba a yaye su ba. Kwana kaɗan maigida ya ce ba a gidansa ba. Kwikwiyo ya koma juji da bayan mahauta, ba abinci, ba allura, ba mai shi, yana cuɗanya da kowane irin kare. Shi ne zai dawo ya tare ɗan wani a hanyar makarantar allo.

Ciwon haukan kare, wanda cizon irin wannan kare ke kawowa, ba ya wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, ya kasa haɗiya, to sai dai addu'a. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗan kwikwiyo ma yana ɗauke da cutar, alhali cizonsa ne aka fi renawa. Sai uwa ta ce ai wasa suke yi. Ciwon yakan kwanta wata ɗaya zuwa uku kafin ya tashi, lokacin kowa ya manta.

Saboda haka, mai karya, ka bar 'ya'yan su sha nono aƙalla mako takwas. Gara ma ka riƙe su har wata uku, malamin dabbobi ya yi musu allurar rigakafi, wadda ake sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin ta a nan gida. Sannan ka ba magidanci hannu da hannu, wanda ka san gidansa, ka san aikin da karen zai yi, ka san zai ci da shi ya kuma ɗaure shi. Gidan da ke cike da masu rarrafe kuma babu katanga, a haƙura. In ba ka da masu karɓa, ka killace karyarka lokacin barbara, ko ka kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato a yi mata aikin hana haihuwa.

Karen da ya sauya hali, yana dalalar miyau, yana cizon duk abin da ya gani, ko ya yi lagwas muƙamuƙinsa a sake, kada a sa masa hannu a baki wai neman ƙashin da ya maƙale. A janye yara da dabbobi, a sanar da mai unguwa da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Wanda aka ciza ko aka yakusa, ko kare ya lashe masa gyambo, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Kada a ɗaure, kada a tura gashin kare ko garin magani a ciki. A tafi babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe a yi allurar rigakafi ranar, ba gobe ba. In babu allurar a nemi a tura ku Sakkwato, kuma a kammala ta duka. Karen da ya yi cizon, in an san shi, a ɗaure shi kwana 10 ana lura, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a fara allura.