Masu farautar duwatsun awon ƙasa

A ƙasar Ingila akwai wasu mutane da ke da wata irin farauta wadda babu kare, babu bindiga a cikinta. Ranar hutu sai su saɓa jaka, su ɗauki taswira da gorar ruwa, su nausa daji, su yini suna hawa da gangara. Abin da suke nema shi ne wani ginshiƙin siminti mai kusurwa huɗu, wanda tsawonsa bai wuce mita 1 da santimita 20 ba. In sun same shi sai su duba lambarsa, su ɗauki hotonsa, su rubuta halin da yake ciki, su juyo gida. Mai karatu zai ce wannan aikin marar abin yi ne. To, a saurari asalin maganar tukuna.

A shekarar 1935 ne hukumar taswira ta Birtaniya, wato Ordnance Survey, ta ƙudurta sake auna ƙasar baki ɗaya, ta ɗora aikin a hannun wani hafsan soja mai suna Martin Hotine. Ranar 18 ga Afrilu 1936 aka soma awo bisa ginshiƙin farko a Cold Ashby, ba a kammala ba sai 1962. A tsakanin nan an gina ginshiƙai wajen 6500, mafi yawansu a kan tuddai da duwatsu. Siminti da yashi da kayan aiki, sau da yawa a bayan mutane da na dawaki aka hau da su.

Dabarar ita ce: a kafa kowane ginshiƙi inda za a iya hango aƙalla wasu biyu daga kansa. Mai awo yakan ɗora na'urarsa bisa farantin tagulla da ke saman ginshiƙin, ya auna kusurwar da ke tsakaninsu, wani lokaci da dare, ana haska masa fitila daga nesa. Muddin an san tsawon gefe ɗaya da kusurwoyin, lissafi zai ba da sauran. Da haka aka ɗinke ƙasar, tun daga bakin teku har ƙolin Ben Nevis mai tsawon mita 1345.

Da na'urar GPS ta zo, sai tauraron ɗan adam ya karɓe aikin, hukuma ta daina kula da mafi yawan ginshiƙan. Abin da aka daina ziyarta kuwa ba ya daɗewa. Wasu manoma suka ture su, wasu masu fasa dutse da masu gina hanya suka cinye su, wasu teku ta zaftare ƙasar da suke kai. A nan ne amfanin mafarautan ya fito: su ne suka san wanda ke tsaye, da wanda ya faɗi, da wanda ƙaya ta rufe. Wasu ma sukan share wurin, su shafa wa ginshiƙin fenti. A 2016 wani daga cikinsu ya kammala ziyartar ginshiƙai 6190, bayan shekara 13 yana yawo. A Amurka kuma ƙananan faifan tagulla ake nema, waɗanda aka manna a jikin duwatsu da gadoji, kuma hukumar awon ƙasar tana karɓar rahoto daga masu wannan sha'awa.

Ƙasarmu ma tana da irin waɗannan alamomi, kuma nauyinsu ya wuce na wasa. Daga 1906 zuwa 1908, tawagar kaftin Tilho ta Faransa da takwararta ta Ingila sun bi iyakar da a yau ta raba Nijar da Najeriya, daga kogin Isa zuwa tabkin Cadi, suka ajiye alamomi 148. Wannan layin ne fataken Maraɗi da Ƙonni da Damagaram ke ƙetarawa kullum. Haka nan, da kotun duniya ta La Haye ta yanke hukunci tsakanin Nijar da Burkina Faso ranar 16 ga Afrilu 2013, ta ambaci tsofaffin alamomin awo biyu, na Tong-Tong da na Tao, ta ja miƙaƙƙen layi a tsakaninsu. Ashe ɗan dutsen da makiyayi ke wucewa bai ko dube shi ba, yana iya zama shaida a gaban alƙalai.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen fili ya san abin da ke biyo baya in an wayi gari dutsen iyaka ya ɓace: gardama, da shari'a, da ɓacin zumunci. Takarda tana faɗin inda alama take, amma sai ƙafa ta je wurin kafin a tabbatar tana nan. Mafarautan Ingila nishaɗi suka fita nema, suka kuma zama masu gadin abin da hukuma ta sake. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana.