Digirin Digirgir Daga Nesa: Ƙarin Ilimi Ba Tare da an Rufe Ɗakin Gwajin Ji Ba

Bayan kowane lokacin zafi, idan sanƙarau ya lafa a Arewacin Najeriya da kudancin Nijar, akan ga uwa ta kawo yaron da ya warke amma ko an kira sunansa ba ya waiwayowa. Wanda zai faɗa mata gaskiyar abin da ya sami kunnen ɗanta shi ne masanin ji. Zai zaunar da yaron a ɗakin da aka toshe wa ƙara, ya sa masa abin saurare a kunne, ya riƙa sakin sauti daga mai kauri zuwa siriri, yana lura da inda yaron ya daina amsawa. Daga nan sai aiki ya koma hannun mai gyaran magana, wanda kuma shi ne ke fama da masu in'ina da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗaure wa harshe. Irin waɗannan ƙwararru sun yi ƙaranci ƙwarai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa kashi 93 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko masanin ji ɗaya ga kowane mutum miliyan guda, kuma kashi 17 kacal ke da mai gyaran magana ɗaya ko fiye ga mutum miliyan. Saboda haka duk ranar da ɗayansu ya ɗauki jaka ya tafi ƙaro ilimi na shekaru a waje, ɗakin gwaji ne sukutum aka garƙame. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin karatun digirin digirgir daga nesa ya cancanci a dube shi da idon basira.

A Amurka aka ƙirƙiro wannan hanya, kuma larura ce ta haife ta. Da can digiri na biyu ya ishi mutum ya yi aikin gwajin ji. A 1994 Kwalejin Likitanci ta Baylor ta buɗe shirin farko na digirin AuD, wanda aka tsara shi don aikin asibiti, sannan ƙungiyar ƙwararrun fannin, wato ASHA, ta ce daga 2012 sabon shiga ba zai sami shaidarta ba sai da digirin digirgir. To, ina za a kai dubban mutanen da suka daɗe suna aiki da digiri na biyu, ga iyali, ga majinyata? Sai wasu jami'o'i suka buɗe karatun cike giɓi ta intanet, inda ake auna abin da mutum ya riga ya sani, a ƙara masa abin da ya rage. Da yawancin Amurkawan suka kammala, wasu shirye-shiryen suka rufe, waɗanda suka saura kuma suka buɗe ƙofa ga 'yan ƙasashen waje. Jami'ar A.T. Still da ke Arizona na cikinsu, haka ma Jami'ar Salus da ta haɗe da Jami'ar Drexel a 2024. Masu gyaran magana kuwa har yanzu digiri na biyu ne matakin shigarsu aiki a can, don haka digirin SLPD da jami'o'i irin su Northwestern da Rocky Mountain ke bayarwa ƙari ne ga mai so.

Babbar sukar da ake yi ita ce aikin hannu ba ya koyuwa ta kwamfuta. Wannan gaskiya ne, kuma ba wanda zai iya leƙa cikin kunnen jariri ko daidaita na'urar taimaka wa ji don kawai ya kalli bidiyo. Sai dai sukar ta manta wa aka yi wa shirin. Ba a ɗaukar ɗan koyo. Sharaɗin shiga shi ne digiri na biyu a fannin da shaidar cewa mutum na aikin. Wanda ya yi shekaru yana gwada kunnuwa, abin da ya rasa shi ne sabon ilimi kan dashen na'ura a cikin kunne, da gwajin jiri, da tantance jarirai tun daga haihuwa, da yadda ake auna ingancin bincike. Abin da ya karanta da dare, da safe zai gwada shi a kan majinyacin da ke gabansa, da Hausar da majinyacin ke ji. Wasu shirye-shiryen ma sukan nemi ɗalibi ya zo da ƙafarsa na ɗan gajeren lokaci don horon hannu. Duk makarantar da ta ce za ta ba mutum wannan digiri ba tare da ta tambayi tarihin aikinsa ba, takarda take sayarwa.

Inda ya kamata mai nema ya buɗe ido sosai shi ne abin da digirin zai yi masa da abin da ba zai yi ba. Majalisar ASHA mai tantance makarantu tana duba shirye-shiryen shiga aiki ne, ba ta tantance na cike giɓi, don haka ingancin jami'ar kanta za a bincika. Digirin kuma ba lasisin aiki ba ne a Amurka. A gida Najeriya ma, rajistar masana ji da masu gyaran magana na hannun hukumar MRTB, kuma hankali ya ce a tambaye ta matsayin takardar kafin a biya ko dala ɗaya. Mai burin zama farfesa ya sani cewa AuD da SLPD ba PhD ba ne, jami'o'inmu kuwa digirin bincike suka fi dubawa wajen ƙarin girma. Sannan a tambaya ko darasin kai tsaye ake yi ko naɗaɗɗe ne, domin tsakanin Arizona da Kano akwai ratar awa 8, ga matsalar wuta da tsadar data.

Akwai masu cewa ƙasar da ba ta da isassun ma'aikatan matakin farko ba ta da hurumin kashe daloli kan digirin digirgir. Maganarsu na da nauyi, kuma idan laƙabin "dokta" kawai ake nema, to asara ce. Amma wa zai horar da waɗannan ma'aikatan? Ba a buɗe sashen koyarwa a jami'a sai da malamai masu zurfin ilimi, kuma wanda ya yi karatunsa yana zaune a gida ya fi wanda ya kwashe iyalinsa ya tafi yiwuwar tsayawa ya koyar. Ya kamata asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, su ɗauki nauyin 'yan kaɗan daga ma'aikatansu, su rage musu aiki a lokacin karatu, bisa yarjejeniya a rubuce cewa za su tsaya su horar da na baya.