Tsohuwar Kujerar Falo: Fenti Ko Kafinta?

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sauya kujerun falo ya gagari ma'aikata da dama, alhali baƙi ba su fasa sallama ba. Shi ya sa ya dace mu dubi wata dabara da ake yi a Turai da Amurka, wato shafa wa yadin kujera fenti.

Aikin ba shi da wuya. A wanke yadin, a yayyafa masa ruwa ya yi danshi, sannan a tsinka fentin ruwa sosai a shafa da buroshi. Idan ya bushe a goge da samfefa mai laushi, a maimaita har sau 3. Fentin mai kuwa, kada mai karatu ya kuskura, tsagewa zai yi.

Sai dai fa yadin da ya sha fenti kan yi tauri, ba ya shan iska. Duk wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato, ga babu wuta, ya san azabar zama a kansa. Kuma idan soso ya mutu, fenti ba ya tayar da shi. Muddin katakon na da ƙwari, a ganina gara a kira kafinta ya sauya soso da yadi.