Zaman Mutanen Furitan a Amurka

Yara, in kun duba taswirar duniya za ku ga wani babban teku tsakanin Ingila da Amurka, ana ce da shi Atilantika. Wajen shekara 400 da suka wuce waɗansu Turawan Ingila suka haye wannan teku da matansu da 'ya'yansu, suka kafa garuruwa a wancan ƙetare. Su ne ake kira Furitan, watau masu tsarkakewa.

Dalilin wannan suna shi ne, su Kirista ne, amma suna ganin an cika cocin Ingila da ƙawa da al'adun da babu su cikin littafinsu, Baibul. Suka ce sai an tsarkake shi. Sarki da manyan limamai ba su yarda ba, suka matsa musu da tara da ɗauri. Da abin ya ishe su, sai suka yi ƙaura. A 1620 jirgin ruwa mai suna Mayflower ya kai mutum 102 wurin da ake kira Plymouth. A 1630 kuma John Winthrop ya zo da jama'a mai yawa, suka kafa Boston. Wannan yanki shi ne Sabuwar Ingila.

Da farko sun sha wuya ƙwarai. Mutanen Mayflower sun sauka cikin tsananin sanyi, ga yunwa, ga ciwo. Kafin sanyin ya wuce, wajen rabinsu sun mutu. Sai wani ɗan asalin ƙasar, Squanto, ya koya musu shukar masara, da yadda ake binne kifi a gindinta don ya zama taki.

Gidajensu na katako ne, da babban murhu a ciki, nan ake girki, nan ake jin ɗumi. Maza su sare itatuwa, su yi noma da su. Mata su yi kaɗi da saƙa, su haɗa sabulu da toka da kitse. Yara su ɗebo ruwa, su yi itace, su yi kiwo, domin a wurinsu zaman banza zunubi ne. Abincinsu faten masara ne da wake da kabewa da kifi, sau da yawa mutum biyu kan ci a akushi ɗaya.

Babbar ranarsu Lahadi. Tun faɗuwar rana ta Asabar kowa zai ajiye aiki da wasa. Da safe a buga ganga, a taru a ɗakin ibada, maza gefe guda, mata gefe guda, kowa bisa ga muƙaminsa. Ba a hura wuta a ciki, ko da ana ƙanƙara. Wa'azi kan kai sa'a ɗaya ko biyu, sa'an nan a komo da yamma. Akwai wani mai doguwar sanda da ke ta da masu gyangyaɗi. Wanda ya ƙi zuwa ba dalili a ci shi tara, ko a sa shi a turu. Ko bikin Kirsimeti ba su yi, don sun ce littafinsu bai umarta ba. Daga 1659 zuwa 1681, a yankin Boston, wanda ya yi shi tararsa sule 5.

Abin da ya fi kyau cikin al'amarinsu shi ne son ilmi. Sun ce lalle kowa ya iya karanta Baibul da kansa. A 1647 suka yi doka, duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malamin da zai koya wa yara karatu da rubutu. Yaro kan fara da ɗan allo mai mariƙi, an liƙa masa takardar baƙaƙe, an rufe ta da ɓawon ƙaho don kada ta yage. Tun 1636 suka kafa makarantar Harvard, wadda ta zama shahararriyar jami'a.

Amma fa suna da babban aibi. Sun gudu don a bar su su yi ibada yadda suka ga daidai, su kuwa ba su bar waɗansu ba. A 1635 suka yanke wa wani malami, Roger Williams, hukuncin kora, don ya ce hukuma ba ta da ikon tilasta wa mutum addini, kuma ƙasar ta masu ita ce, sai an saya. A 1692, a garin Salem, aka rataye mutum 19 bisa zargin maita, daga baya jama'a suka yi nadama. Mutanen ƙasar kuwa, da suka taimake su, aka yi ta yaƙarsu ana ƙwace filayensu.

To, yara, ku ɗauki ƙwazonsu da son karatunsu. Ku kuma tuna, abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa wani.

Tambayoyi

1. Me ya sa Furitan suka bar Ingila?
2. Yaya suke yin ranar Lahadi?
3. Don me aka kori Roger Williams?