Kafin ka ce "ni sai waje", ka ji labarin waɗanda suka baro Khartum a motar bas

Ka san irin bidiyon nan da ke yawo a TikTok da Instagram. Saurayi cikin ƙatuwar rigar sanyi yana dariya a kan ƙanƙara, ko budurwa da farar rigar likitoci a gaban wani gini mai gilasai, an rubuta "Alhamdulillah" a ƙasa. Kai kuma kana zaune a Hayin Dogo ko Danraka, an ɗauke wuta, cajin wayarka saura kaɗan, kana ta lissafin shekarar da za ka gama ABU. Ba laifi ba ne don ranka ya biya. Duk wanda ya ga yadda Samaru ta koma a 2022, lokacin da ASUU ta yi yajin aiki tun daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, masu shaguna da 'yan acaba suna zaman jiran ɗaliban da babu su, ya san dalilin da ya sa matashi zai so makarantar da shekara huɗu take nufin shekara huɗu.

Amma bidiyon tafiya kawai yake nuna maka. Ni kuwa maganar dawowa nake so mu yi, don a nan ne ake gane ko an ci riba.

Mu ɗauki Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartum, wadda 'yan Arewa suka daɗe suna tururuwa zuwa cikinta. Ta faro ne a matsayin cibiyar Musulunci ta Afirka, ta zama jami'a a 1992. In ana neman makarantar ƙasa da ƙasa ta gaske, to ita ce: a ɗakin kwana ɗaya sai ka samu Basomale da ɗan Chadi da ɗan Indunusiya da Bazazzagi. Wanda bai iya Larabci ba sai ya fara da koyon harshe, ya kuma gano cewa Larabcin aji daban, na kasuwa daban. Karin kumallo wake ne da burodi, zafin rana kuwa ya sa na Zariya a watan Afrilu ya zama wasan yara. Iyaye sun fi natsuwa da Sudan saboda addini da sauƙin kuɗi, ga kuma tsohuwar zumunta. Hanyar mahajjatan ƙafa ce, kuma har yau akwai garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, wanda ya samo suna daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da ya yi hijira can bayan yaƙin Burmi na 1903. Kana iya shiga kasuwa ka ji ana ciniki da Hausa.

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin azumi, sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hemedti suka fara ɓarin wuta a tsakiyar birnin. Filin jirgin Khartum na cikin wuraren da aka fara gwabzawa, don haka babu maganar tashi ta sama. Gwamnatin Najeriya ta ce ta yi hayar bas 40 a kan dala miliyan 1.2. Waɗanda suka shiga motocin farko sun kwashe kwanaki a bakin iyakar Masar kafin a bar su su wuce, sai ranar 3 ga Mayu rukunin farko ya sauka a Abuja. Wasu kuma ta Port Sudan aka kwaso su.

An yi murna, an yi hamdala, kyamarori suka watse. Daga nan ne aikin ya fara. Yarinyar da take aji biyar a likitanci ta dawo da jaka ɗaya, takardun sakamakonta suna cikin ofishin da ba mai iya zuwa. Hukumar JAMB ta fitar da tsarin shigar da su jami'o'in gida, gaskiya ne, amma kowace jami'a tana da adadin ɗaliban likitancin da aka yarje mata, kuma manhajar can ba lallai ta yi daidai da ta nan ba. Ka tuna, shekara guda kafin wannan, ɗalibanmu na Yukren sun sha irin wannan gudun, har majalisar likitoci ta MDCN ta ce ba za ta karɓi digirin likitan da aka ƙarasa ta intanet ba.

Za ka ce ai yaƙi ƙaddara ce. Haka ne. To Naira fa?

Kafin Yunin 2023, uba zai je banki a PZ ya cike fom A, a biya masa kuɗin makarantar ɗansa a farashin gwamnati, wajen Naira 460 kowace dala. Ana shan jira, amma akwai sauƙi. Da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, a farkon 2024 dala ta kai wajen 1,500. Yi lissafin da kanka: makarantar dala 5,000 a shekara ta tashi daga Naira miliyan 2.3 zuwa miliyan 7.5, ba tare da makarantar ta ƙara ko sisi ba. Ɗan kasuwar Sabon Gari da ya tura ɗansa da ribar shago, da Naira yake sayar da kayansa. A Ingila, a watan Mayun 2024, Jami'ar Teesside ta dakatar da wasu 'yan Najeriya da suka kasa biya a kan lokaci, aka ce su bar ƙasar. Ko tallafin gwamnati ma ba tabbas ba ne, don ɗaliban da gwamnatin tarayya ta tura ƙasashe irin su Maroko da Rasha sun sha kokawa kan watannin da suka yi ba alawus. Wannan ɓangaren ba ya shiga TikTok, ba mai ɗaukar kansa bidiyo yana cin taliya ba mai.

Sai kuma takardar kanta. A ƙarshen Disambar 2023, ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Ranar 2 ga Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Daga baya ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce an gano takardun bogi sama da 22,000, kuma jami'o'i biyar kacal a Benin da uku a Togo aka amince da su. Abin tausayin shi ne waɗanda suka zauna aji da gaske a makarantun da ba sa cikin jerin, su ma guguwar ta haɗa da su. Araha ba ta ado, amma ka sani wani lokacin mai tsadar ma ba ta yi. Wanda ya karanto likitanci a waje, komai kyan makarantarsa, sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majinyaci a Shika, kuma a zaman 2023 fiye da rabi ne suka faɗi.

Kada ka ɗauka ina hana ka tafiya ne. Wallahi akwai abin da zama da baƙi ke koya wa mutum wanda littafi ba ya koyarwa: ka dafa abincinka, ka riƙe kuɗinka, ka yi gardama da wanda bai taɓa jin sunan garinku ba. Abin dariyar ma, Samaru da kake son gudu daga cikinta ta taɓa zama "waje" ga wasu. Shugaban ABU na farko a 1962, Norman Alexander, ɗan Niyu Zilan ne. Abdullahi Smith daga Ingila ya zo ya koyar da tarihinmu, Patrick Wilmot daga Jamaika, har sai da gwamnatin soja ta kore shi a 1988. Sabon Gari kuwa baƙin da jirgin ƙasa ya kawo ne suka raya ta.

In ejan ya miƙo maka takarda mai ƙyalli, kai ko ke, kada ku tsaya a hoton gini. Ku nemi cikakken sunan makarantar, ku bincika a ma'aikatar ilimi ta tarayya ko ana tantance takardarta, in likitanci ne ko harhaɗa magunguna ku tuntuɓi majalisar sana'ar tun kafin a biya ko kwabo. Ku zauna da Baba ku lissafa kuɗin shekarun duka, da haya da abinci da sabunta biza, sannan ku tambaye shi kai tsaye: in dala ta sake ninkawa, daga ina za a ciko? Kuɗin makaranta a tura shi asusun makarantar, ba na ejan ba. Ku nemi ɗalibin da ke aji uku a can ku kira shi, ba ɗan aji ɗaya da har yanzu yake ɗokin hoto ba.

In Allah Ya sa an tafi, ku yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya a makon farko, fasfo ya zauna a hannunku. Duk ƙarshen zango ku karɓi sakamakonku mai hatimin makaranta, ku ɗauki hotonsa, ku tura wa kanku ta imel, ku kuma tura wa wani a gida ya buga ya ajiye.