Katangar Tsaron Intanet: Abin Da Ya Kamata Kamfani Ya Duba Kafin Ya Zuba Kuɗi

A watan Fabrairun 2016, ɓarayin intanet suka kutsa cikin kwamfutocin Babban Bankin Bangladesh, suka aika umarnin biyan kuɗi na jabu zuwa asusun bankin da ke New York. Kusan dala biliyan 1 suka so kwashewa. Abin da ya sulale ya isa ƙasar Filifin dala miliyan 81 ne. Da bincike ya kankama, wani jami'in 'yan sandan Bangladesh ya shaida wa kamfanin dillancin labarai na Reuters cewa bankin ba shi da katangar tsaro, kuma na'urorin da suka haɗa kwamfutocinsa 'yan gwanjo ne, na dala 10 kowace. Araha ba ta ado.

Darasin da mutane suka ɗauka shi ne a sayi katangar tsaro, wadda masu harkar ke kira fayawol. Gaskiya ne, amma rabin zancen ke nan. A shekarun baya-bayan nan, ita kanta na'urar ta zama ƙofar da 'yan kutse suka fi so su bi. Don haka mai asibiti a Kano, ko mai kamfanin hada-hadar kuɗi a Kaduna, ko shugaban wata ƙungiya mai ma'aikata warwatse daga Maiduguri zuwa Sakkwato, tambayar da ke gabansa ta wuce "wace ce ta fi ƙarfi?" Tambayar ita ce: wace ce zan iya riƙewa da kula da ita har tsawon shekara biyar?

Aikin da take yi

Duk abin da ke yawo a intanet, wasiƙa ce ko hoto ko umarnin tura kuɗi, ana gutsuttsura shi ƙanana. Kowane gutsure yana ɗauke da adireshin inda ya fito, da inda za shi, da lambar ƙofar da zai shiga, cikin ƙofofi 65,535 da kowace kwamfuta ke da su. Katangar tsaro tana zaune ne tsakanin kwamfutocin ofis da sauran duniya kamar maigadi a bakin ƙofa, riƙe da takardar waɗanda aka yarda su shiga.

Na farko-farkon, na ƙarshen shekarun 1980, adireshi da lambar ƙofa kawai suke dubawa. A 1994 kamfanin Check Point na Isra'ila ya fito da FireWall-1, wadda ke riƙe lissafin kowace magana da aka fara: idan kwamfutar cikin ofis ce ta yi tambaya, amsa ta wuce, saƙon da ba wanda ya nema kuwa a tare shi. A 2007 kamfanin Palo Alto Networks na Amurka ya kawo samfurin da ke gane wace manhaja ce ke magana da kuma wane ma'aikaci ne a bayanta. Yawancin na'urorin da ake tallatawa yau, na Fortinet da Sophos da SonicWall da Cisco da WatchGuard, wannan hanya suka bi. Suna buɗe saƙo su duba ko akwai muguwar manhaja, su toshe shafukan damfara, su tare hari.

Ko aikin farko na rufe ƙofa ba ƙaramin abu ba ne. Manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry, wadda ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150 a watan Mayun 2017 har ta durƙusar da asibitocin Ingila, ta ƙofa mai lamba 445 ta riƙa yaɗuwa. Ofis ba shi da wani dalilin barin wannan ƙofa a buɗe ga intanet.

Lambar da ke jikin kwali

Wurin da masu saye suka fi ruɗuwa shi ne batun gudu. Takardar bayanin kowace na'ura tana ɗauke da lambobi da yawa, kuma dillali babbar yake fara nunawa. Ɗauki FortiGate 60F ta Fortinet, ƙaramar na'ura da ta yi suna a ƙananan ofisoshi. Takardarta ta ce tana iya wuce da gigabit 10 a daƙiƙa idan adireshi da ƙofa kawai take dubawa. Idan aka kunna dukkan kariyar da aka saye ta dominta, lambar ta sauko zuwa megabit 700. Kamfanin bai ɓoye komai ba, duka lambobin suna rubuce a shafi ɗaya. Mai saye ne ya kamata ya san ta biyun ce tasa.

Akwai ta uku. Fiye da kashi 90 cikin 100 na shafukan da ake buɗewa da manhajar Chrome a yau a kulle bayanansu suke tafiya. Kafin katanga ta ga abin da ke ciki, sai ta kwance saƙon, ta duba, ta sake kulle shi, kuma wannan aiki yana cin ƙarfinta ƙwarai. Abin da kan biyo baya sananne ne: intanet ya yi nauyi, ma'aikata su yi ta ƙorafi, injiniya ya kashe binciken don a samu zaman lafiya. Daga ranar, na'ura mai tsada ta koma rauta, mai raba intanet kawai. Saboda haka a auna da gudun layin da ofis ke da shi da wanda ake sa ran samu nan da shekara uku, da yawan na'urori ba yawan mutane ba, domin ma'aikaci ɗaya kan zo da kwamfuta da waya biyu, ga firinta da kyamarorin tsaro.

Kuɗin da ba a faɗa ranar ciniki

Akwatin da ka biya ka ɗauka shi ne mafi sauƙin kuɗi a cikin lissafin. Jerin sababbin barazana da na'urar ke saukewa kullum, da taimakon kamfani, da sabunta manhajarta, duk a kan lasisi suke, na shekara ɗaya ko uku ko biyar, kuma da dala ake lissafa su. Duk wanda ya sayi na'ura kafin a saki naira ta nemo darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023 ya ga yadda kuɗin sabuntawa ya ninka a hannunsa. Ofisoshi da dama kan bar lasisin ya mutu. Fitilu na ci gaba da ƙyaftawa, intanet na aiki, shugaba na ganin komai lafiya, alhali na'urar ba ta san wata barazana da ta ɓullo bayan ranar ba.

Kafin a biya, a nemi dillali ya rubuta jimillar kuɗin shekara biyar, da ranar da kamfanin zai daina tallafa wa wannan samfuri. A kuma yi hattara da na'ura ta hannu: sau da yawa tana nan rajiste da sunan mai ita na farko, ba za a iya ɗora mata lasisi ba sai da yardarsa.

Wanda aljihunsa bai kai ba yana da mafita mai mutunci. Manhajojin pfSense da OPNsense kyauta ake samunsu, ana ɗora su a kan ƙaramar kwamfuta mai kafofin waya biyu ko huɗu. Na'urorin MikroTik na ƙasar Latbiya, waɗanda masu sayar da intanet a garuruwanmu suka saba da su, suna rufe ƙofofi da kyau kuma ba sa neman lasisin shekara-shekara, sai dai ba sa binciken cikin saƙo kamar manyan. Abin da aka rage a kuɗin lasisi za a biya shi a ilimi, domin dole a sami wanda ya iya saita su kuma yake bibiyarsu.

Ma'aikacin da ke aiki daga gida

Tun kullen korona na 2020 ofis ya daina zama gini ɗaya. Akawu yana shiga kundin albashi daga falonsa, jami'in aiki yana tura rahoto daga otal. Hanyar da aka saba ita ce VPN, wato kullalliyar hanya daga kwamfutar ma'aikaci zuwa katangar ofis. Kuma a nan ne manyan ɓarnar suka faru.

A watan Mayun 2021, kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ke kai kusan kashi 45 cikin 100 na man da gabashin Amurka ke sha, ya tsayar da aiki na kwanaki, ya biya kuɗin fansa kimanin dala miliyan 4.4. Ɓarayin sun shiga ne ta wani tsohon asusun VPN da aka manta ba a rufe ba, mai kalmar sirri ɗaya tak, ba tare da mataki na biyu na tantancewa ba. A watan Satumbar shekarar, aka watsa sunaye da kalmomin sirri na VPN kusan 500,000 da aka kwasa daga na'urorin Fortinet, ta wata ɓaraka da kamfanin ya fitar da maganinta tun Mayun 2019, masu na'urorin ne ba su sabunta ba. A farkon 2024 kuwa, hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta umarci ma'aikatun gwamnatin tarayya su cire na'urorin VPN na Ivanti daga layi cikin kwana biyu. Bayan wata uku aka gano ana kutse ta na'urorin Palo Alto da na Cisco. Babu sunan da ya tsira.

Abin da za a tambaya ke nan: yaya saurin kamfanin wajen fitar da gyara, kuma wa zai ɗora shi a ofishinka a makon da ya fito? Sannan kada a sayi na'urar da ba ta karɓar tantancewa mai mataki biyu, wato kalmar sirri haɗe da lambar da ke canzawa a wayar ma'aikaci. Shafin sarrafa katangar kada a taɓa barin shi a buɗe ga intanet. Wajen nau'in VPN, IPsec da WireGuard sun fi samun yabon masana a yanzu fiye da wanda ake shiga ta shafin yanar gizo, inda yawancin ɓarakar suka ɓullo.

Akwai kuma tsarin da ya ginu a kan ƙin amincewa da kowa sai an tantance, wanda hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta fitar da jagoransa a 2020. Maimakon a buɗe wa ma'aikaci dukkan ofis da zarar ya shigo, sai a ba shi manhajar da aikinsa ke buƙata kaɗai. Kamfanin da duk ayyukansa suna kan Microsoft 365 ko Google Workspace, ba shi da babbar kwamfutar ajiyar bayanai, wato saba, a ofis, wataƙila wannan ya fi masa amfani a kan babban akwati. Ma'aikacin gida kuma ba lallai a saya masa na'ura ta musamman ba. Kwamfutar aiki da yara ba sa taɓawa, da katangar da ke cikin Windows a kunne, da rautar da aka canza wa kalmar sirrin da ta zo da ita, sun rufe yawancin kafofin.

Yanayin da muke ciki

Akwai abubuwan da takardar da aka buga a Kalifoniya ba za ta gaya maka ba. Ɗauke wuta da sauyawa zuwa janareta suna lalata na'ura, don haka kuɗin UPS ko inbata yana cikin kuɗin katanga. Ƙurar hunturu da zafin bazara suna kashe fanka, ƙaramar na'ura marar fanka ta fi jurewa a ofishin da ba sanyi. A zaɓi mai karɓar layin intanet biyu, ta koma kan na biyu da kanta idan na farko ya yanke. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi sun ɗanɗana kuɗar dogaro da hanya guda. Sannan layin waya na 4G da ƙaramin tsarin Starlink galibi ba sa ba da adireshin intanet na kai, kuma idan babu shi, ma'aikacin gida ba zai iya ƙwanƙwasa VPN ɗin ofis kai tsaye ba. A tambayi mai ba da intanet tun kafin a sayi na'ura.

A kuma tabbatar tana iya raba cikin ofis gida-gida: kwamfutocin kuɗi daban, kyamarori daban, intanet ɗin baƙi daban. A 2013 an sace bayanan katin banki miliyan 40 daga kantunan Target na Amurka, kuma ɓarayin sun fara shiga ne da kalmar sirrin wani ɗan kwangilar na'urorin sanyaya ɗaki, suka ratsa har na'urorin karɓar kuɗi.

Doka ma ta shigo. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Wanda katangarsa ba ta adana tarihin shige da fice ba zai ma san abin da zai faɗa ba.

Bayanan da ke cikin kwamfutocin nan amana ce: sakamakon gwajin mara lafiya, lambar BVN ta mai ajiya, albashin ma'aikaci. Shugaban da zai sa hannu a takardar saye ya fara rubuta sunan mutum ɗaya, ma'aikaci ne ko ɗan kwangila, wanda aikinsa ne ya sabunta na'urar, ya duba rahotonta kowane mako, ya rufe asusun duk wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi. Ya sa kuɗin wannan mutum da na lasisi cikin kasafin kowace shekara. Idan kuɗin bai isa a sayi babbar na'ura a kuma biya mai kula da ita ba, a sayi ƙarama a biya shi.